Warware Ƙulli a kan Ibarar Imamu Gazali, da Bayanin Rabon Bawa Cikin Cutar da ta Auku

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama ga dukkan talikai a duniya, Mai jin ƙan muminai a lahira. Godiya ta tabbata gare Shi, Wanda ba a tuhumarSa cikin hukuncinSa, kuma ba a fakewa da sunanSa don a ci haƙƙin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwana mai karatu, ni tsoho ne mai rauni, furfura ta gama kaina, ganina ya ragu, kuma ban kai in ɗauki takalmin malaman da zan ambata a cikin wannan takarda ba. Abin da ya sa na fiƙe alƙalami na jiƙa tawada wani al'amari ne da ya auku a gidana, ga shi kuwa.

A unguwarmu akwai wani mutum mai hali, ba zan faɗi sunansa ba, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Ya tashi ginin katanga, sai ya sa aka haƙa rami a gefen hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo, aka yi ta ɗibar ƙasa har zurfin ramin ya wuce tsayin mutum. Da bazara ta kawo jiki aka yi masa magana sau biyu, ɗaya a gaban mai unguwa, ya ce za a cike. Ba a cike ba. Ruwa ya sauka, rami ya batse, har ba a rarrabe bakinsa da hanya. Wata rana bayan magariba jikana ɗan shekara bakwai, wanda ya kai Sabbi a karatunsa, ya fita zuwa makarantar dare bai komo ba. Allonsa aka fara gani yana yawo a kan ruwa.

Ranar sadakar uku mutane suka taru, mai ramin ma ya zo ya zauna. Sai wani malami, mai karatu ne ba jahili ba, ya ɗauki magana. Ya ce ƙarar kwana ce, ƙaddara ta riga fata, kuma Hujjatul Islami Gazali ya tabbatar babu wani abu mai yiwuwa da zai fi abin da ya kasance kyau, saboda haka wanda ya sāke tayar da zancen rami, da Allah yake jayayya. Mai ramin yana ta gyaɗa kai. Ɗana, uban yaron, bai ce uffan ba. Da dare ya raba ya same ni a zaure, ya ce, "Baba, in haka ne, wa ya kashe mini ɗa? In Allah ne Ya zaɓa, kuma babu abin da ya fi wannan kyau, to me zan roƙa in na yi sujada?" Wallahi a daren nan ban sami jawabin da zan ba shi ba. Sai na sauko da Ihya'u daga inda yake, na kakkaɓe ƙura, na koma karatu kamar ɗalibi. Abin da na samo shi ne na rubuta a nan, cikin fasali shida da cikawa.

Fasali na farko, cikin bayanin abin da Imamu ya faɗa da wurin da ya faɗe shi

An haifi Abu Hamid Gazali a garin Tus na ƙasar Kurasana a shekara ta 450 ta Hijira, ya rasu can a 505, daidai da 1111 ta Miladiyya. Ibarar da ake magana tana cikin Ihya'u Ulumiddini, a rubu'i na huɗu, cikin littafin Tauhidi da Tawakkali. Ma'anarta a taƙaice, tsarin da halitta ke kai ya kai matuƙa wajen cika da dacewa, har babu wani tsari da zai ɗara shi. Ya kafa mata misali da cewa da za a ba talikai duka hankalin mafi hankalinsu, a buɗe musu asirin al'amura da ƙarshensu, sa'an nan a ce su sāke shirya duniya, da sun komar da kome mazauninsa, cuta da lafiya, talauci da wadata, ba su sami abin gyarawa ba. Ya kafa mata hujja da cewa in akwai tsarin da ya fi wannan, Allah Yana da ikonsa amma Ya hana, to rowa ke nan da zalunci, in kuwa ba Shi da ikonsa, gajiyawa ke nan, kuma Allah Ya tsarkaka daga duka biyun. Sa'an nan ya ce da dare ake sanin darajar rana, da ciwo ake sanin daɗin lafiya, kuma yanke hannun da ya ruɓe don a tsirar da rai adalci ne. A ƙarshe shi da kansa ya yi gargaɗi, ya kamanta wannan mas'ala da kogi mai faɗi wanda ya ci mutane da yawa, ya ce a bayansa akwai asirin ƙaddara wanda aka hana masu saninsa bayyanawa.

Ka lura da wurin, domin wuri rabin ma'ana ne. Yana magana ne ga mai neman tawakkali, yana so ya wanke zuciyarsa daga zargin Ubangiji. Ba shari'a yake yi tsakanin mai ƙara da wanda aka kai ƙara ba.

Fasali na biyu, cikin ambaton waɗanda suka yi masa raddi da waɗanda suka kāre shi

Malamin nan na zaman makoki ya kawo ibarar kamar nassi ce da aka haɗu a kanta. Ba haka ba ne. An yi shekaru wajen ɗari bakwai ana gardamarta. Alƙali Abubakar ɗan Arabi, Bamalike na Andalus, wanda ya rasu a 543, ya sadu da Gazali ya yi karatu a gabansa, duk da haka bai karɓi wannan magana ba. Ibnul Munayyir, Bamalike na Iskandariyya, wanda ya rasu a 683, ya yi talifi na musamman don bin diddiginta. Burhanuddini Biƙa'i, wanda ya rasu a 885, ya rubuta Tahdimul Arkani yana rushe ta, sai Jalaluddini Suyuɗi, wanda ya rasu a 911, ya mayar masa da Tashyidul Arkani yana gina ta. Shi ne Suyuɗin da ya aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, kuma muke karanta tafsirinsa da azumi. Bayansu Ahmadu ɗan Mubarak na Fas, mai Ibrizi, wanda ya rasu a 1156, ya tsawaita suka, sai Murtala Zabidi, wanda ya rasu a 1205, ya tattara maganganun cikin sharhinsa na Ihya'u ya tsaya wa Imamu.

Masu suka sun kawo abu uku. Na ɗaya, ibarar ta sa wa ƙudurar Allah iyaka, alhali abin da ƙudura ke rataya da shi ba ya ƙarewa, kuma Allah Mai iko ne Ya shiryar da mutane duka, Ya ɗauke cuta duka. Na biyu, ta yi kama da zancen masu falsafa, waɗanda suka ce duniya ta fito daga Allah bisa tilas, ba bisa zaɓi ba. Na uku, ta yi kama da mazhabar Mu'utazilawa, waɗanda suka wajabta wa Allah aikata abin da ya fi zama maslaha ga bawa.

Wannan na uku shi ya fi nauyi, domin Gazali da kansa ya rushe mazhabar nan a farkon Ihya'u, cikin Ƙawa'idul Aƙa'idi, da misalin da ake jinginawa ga gardamar Imamu Ash'ari da malaminsa Jubba'i. Ga misalin. Yaro ya mutu yana ƙarami, ya ga babba mai ɗa'a ya fi shi daraja a Aljanna, ya ce don me ba a bar ni na girma na yi aiki ba? In aka ce masa an san da ka girma da ka kafirta, saboda haka mutuwarka ita ce maslaharka, sai kafiri ya ɗaga murya daga wuta ya ce ni fa, don me ba a kashe ni ina yaro ba? A nan bakin mai wajabta maslaha ya mutu. To wanda ya rushe gida da hannunsa a farkon littafi, yaya za a same shi zaune a inuwarsa a ƙarshen littafi?

Masu kāriya suka ce Imamu bai taɓa ƙudura ba. Waninsa na abin da ya kasance mai yiwuwa ne a kan kansa, amma tun da ilmi ya gabata kuma irada ta zaɓi wannan, aukuwar waninsa ta zama korarriya ta wannan fuska, kuma Mai hikima ba Ya zaɓe sai abin da hikima ta cika a cikinsa, bisa falala ba bisa wajibci ba.

Fasali na uku, cikin abin da ya bayyana gare ni

Ina cewa, kuma Allah ne Masani, ibarar tana da fuska ingantacciya, ita ce wadda masu kāriya suka faɗa. Wanda ya ce aikin Allah ya wofinta daga hikima ya yi ƙarya, wanda kuma ya ce shi zai iya shirya mulkin Allah fiye da Allah ya haukace. Amma ina ganin wurare uku da alƙalamin Imamu ya zarce, ina faɗarsu ina mai sunkuyar da kai.

Na farko, ambaton rowa da zalunci. Rowa hana abin da ya wajaba ne, zalunci kuwa shiga haƙƙin wani ne, kuma babu mai bin Allah bashi. Da ya ce hikima ta hukunta haka ya yi shiru, da Biƙa'i bai sami abin kamawa ba.

Na biyu, misalin hannun da aka yanke. Hannu ba rai ne mai zaman kansa ba. Ba ya jin tsoron duhu, ba shi da uwa, ba za a tashe shi shi kaɗai a tambayi wanda ya yanke shi ba. Yaro kuwa rai ne cikakke, kuma Alƙur'ani ya ba da labari a Suratut Takwiri cewa za a tambayi jaririyar da aka binne da rai laifin da aka kashe ta dominsa. Da an lissafa ta gaɓa ce da aka yanke don lafiyar jiki, da ba a yi wannan tambaya ba. Haka zancen cewa da ciwo ake sanin daɗin lafiya. Mai lafiya ne ya ci ribar sanin, mai ciwo kuwa shi ya biya. Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin hikimomi, amma in aka ce shi ne jawabin, to an ba da jawabin da ya dace da kunnen mai kallo, an bar mai kuka.

Na uku, ya ce asiri ne da aka hana bayyanawa, sa'an nan ya ɗaga gefen labulen a littafin da kowa ke karantawa. Magani mai ƙarfi ba a ajiye shi inda yara ke wasa. Ga shi yau ibarar ta fita daga halwar masu tawakkali ta shiga bakin masu kāre mai laifi.

Duk da haka ina shaida Imamu ya kuɓuta daga abin da aka yi da maganarsa. A cikin wannan littafi na Tawakkali, 'yan takardu kaɗan a gaba, ya hana mutum kwana a dajin namun ƙwari, ko a magudanar ruwa, ko a ƙarƙashin katangar da ta karkata, ya ce barin irin wannan tsaro ba tawakkali ba ne. Kuma cikin Ihya'u ya keɓe littafi guda don horo da alheri da hani ga abin ƙi, har ya lissafa abubuwan ƙi na kan hanya, irin ƙuntata ta da zuba abin da zai cuci mai wucewa. Wanda ya hana kwana ƙarƙashin katanga mai karkata ba zai wanke mai katangar ba.

Fasali na huɗu, cikin bayanin cewa ƙaddara ba hujja ba ce ga mai laifi

Ka sani imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne, wanda ya musa shi ya ɓata. Amma malamai sun rarrabe tsakanin musibar da ta sauka a kanka da laifin da ya fito daga hannunka. Ta farko ana tuna ƙaddara a kanta don zuciya ta natsu. Na biyu tuba ake yi daga gare shi, a mayar da haƙƙi. Ƙaddara ruwan sanyi ce ga wanda aka cuta, in mai cuta ya ɗauka ya wanke hannunsa da ita, ya saci abin da ba nasa ba.

Duba Alƙur'ani, waɗanda suka kafa hujja da nufin Allah don kāre aikinsu su wane ne? Mushirikai ne a Suratul An'ami da Suratun Nahli, suka jingina shirkarsu ga nufin Allah, aka ƙaryata su. A Suratu Yasin an ce da mawadata su ciyar, suka ce ba za su ciyar da wanda da Allah Ya so da Ya ciyar da shi ba. Kalmar a zahirinta tauhidi ce, amma an kawo ta a wurin zargi, domin an faɗe ta don a riƙe hatsi a rumbu. A Suratul A'arafi Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangiji aka la'ance shi, Annabi Adamu da Hauwa'u suka jingina zalunci ga kansu aka karɓi tubansu. Dukkansu cikin ƙaddara suke, ladabi ne ya raba su.

Duba kuma Sayyidina Umaru. A shekara ta 18 ta Hijira, daidai da 639, annobar Amawasa ta faɗa wa Sham. Ya kai Sarga aka gaya masa, ya shawarci Muhajiruna da Ansaru da dattawan Ƙuraishi, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya ba shi misalin makiyayi da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya ciyawa ɗaya fako, duk wanda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Sai Abdurrahmani ɗan Aufu ya zo da hadisin hana shiga ƙasar annoba da hana fita daga cikinta don gudu. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal sun rasu cikin annobar nan, Allah Ya yarda da su, kuma ba wanda ya ce komawar Umaru ƙarancin imani ce. Har yau Maliku ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umaru ya gane ubangijinsu na barinsu da yunwa, sai ya janye yankan hannu, ya ɗora wa ubangijin biyan ninki biyu na kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. Bai ce an rubuta musu yunwa ba, ya nemi wanda ya riƙe abincin.

An kuma ruwaito cewa a zamanin Banu Umayya an gaya wa Hasanul Basari, wanda ya rasu a 110, cewa sarakuna suna zubar da jini suna ƙwace dukiya, suna cewa ayyukansu bisa ƙaddara suke gudana, sai ya ƙaryata su. Tun can wannan hujja a gidan masu ƙarfi take kwana. Ban taɓa jin talaka ya ci bashin attajiri ya ce an rubuta ba zai biya ba, aka kuwa saurare shi.

Fasali na biyar, cikin shaidar fiƙihu

In ka ce, ai mun karanta a Ummul Barahini ta Sanusi cewa babu mai tasiri sai Allah, wuta ba ta ƙonawa da kanta, to yaya rami zai kashe da kansa? Sai in ce, gaskiya ne Allah ne Mahaliccin bawa da aikinsa, amma malaman da suka karantar da mu haka su ne suka tabbatar wa bawa kasabi, watau abin da ya nufa ya yi da zaɓinsa, kuma a kansa ake ba da lada da azaba. Jahamu ɗan Safwanu ne ya kore zaɓin bawa baki ɗaya, Ahlus Sunna ba su bi shi ba. Kowa ya san bambancin hannun da ke karkarwa don zazzaɓi da hannun da aka ɗaga don mari. In kana so ka gwada mai hujja da ƙaddara, ɗauke takalminsa a ƙofar masallaci ka ce masa an rubuta, ka ga ko zai tafi gida ba takalmi yana murna.

Shari'a kuwa ta yanke gardamar. Wanda ya kashe rai bisa kuskure, ba da nufi ba, Suratun Nisa'i ta ɗora masa kaffara, 'yanta wuya ko azumin wata biyu a jere, ta kuma wajabta diyya. A mazhabarmu diyyar raƙuma 100 ce, ko dinari 1000, ko dirhami 12,000, a kan dangin mai kisan na wajen uba, cikin shekara uku. Maliku ya faɗa a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi inda bai halatta gare shi ba, shi ke da lamunin abin da ya halaka a ciki, abin da bai kai sulusin diyya ba daga dukiyarsa, abin da ya kai sulusi ko ya fi a kan danginsa. Malamanmu sun faɗi irin haka ga mai katangar da ta karkata aka gargaɗe shi bai gyara ba, da likitan da ya yi magani da jahilci, da mai dabbobin da suka yi ɓarna a gona da dare. Shin Maliku bai san ajali ba ya gaba ba ya baya ba? Ya sani fiye da mu. Wanda ya faɗa rijiya da ajalinsa ya mutu, wanda ya haƙa kuma da lamuni ya tashi, duka biyun hukuncin Allah ne, ɗaya na ƙaddarawa ɗaya na shar'antawa. Malamin da ya karanta wa mutane na farko ya ɓoye na biyu ya ba su rabin addini.

Fasali na shida, cikin cutar da babu hannun kowa a ciki

In ka ce, mun ji zancen rami, to fari fa, da girgizar ƙasa, da jaririn da aka haifa da ciwo? Sai in ce, a nan ne hankali ke tsayawa, kuma tsayawarsa ba aibu ba ce. Annabi Musa, da girman darajarsa, bai iya haƙuri da huda jirgi da kashe yaro ba sai da Halliru ya buɗe masa dalili, mu kuwa ba mu da Halliru a tare da mu. Mun san Allah ba Ya zalunci, mun san duniya ba ita ce ƙarshen lissafi ba, mun san ko ƙaya ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita. Amma mu ce wane ya makance don kaza, ɗan wance ya mutu don kaza, wannan shiga gonar da ba tamu ba ce. Kuma ba a hana mai baƙin ciki kuka ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, Annabi Ayuba ya kai kukansa ga Ubangiji aka kira shi mai haƙuri, Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Sa'an nan ka yi hattara da saurin cewa babu hannun kowa. Ina yaro agana, wadda wasu ke kira 'yan rani, takan shigo gari da rani ta kwashi yara, ta bar wasu da zanzana wasu da makanta, kuma dattawa suna cewa haka duniya take ba ta sākewa. Sai aka zo da lamba aka bi gari gari ana yi. A shekara ta 1977 aka ga mutum na ƙarshe da ta kama ta hanyar yaɗuwa irin ta da, a ƙasar Somaliya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar ta ƙare. Jikokina ba su san ta ba sai a fuskar tsofaffi. To da ma'anar ibarar Imamu ita ce halin da ake ciki yau ba ya gyaruwa, da wannan ya ƙaryata ta. Ma'anarta in ta inganta, tsarin ne baki ɗaya tun farkonsa har ƙarshensa, da cutar da maganin da mai neman maganin duk a ciki. Kuma tun ranar da magani ya bayyana, abin da jiya yake musiba tsantsa ya zama yana da rabon bawa, domin wanda ya hana ɗansa magani bayan ya samu za a tambaye shi. Haka fari, ruwa na Allah ne, amma ɓoye hatsi har ya yi tsada aikin ɗan Adam ne.

Cikawa

Bayan sadakar arba'in na kira ɗana zaure na ce masa, "Tambayarka biyu ce, ka haɗa su wuri ɗaya shi ya sa suka yi maka nauyi. Wanda Ya karɓi ran ɗanka Allah ne, a ranar da Ya rubuta, kuma ya tafi wurin da ya fi gidanka, bai kai shekarun da alƙalami zai hau kansa ba. Dalilin zaɓen wannan rana ban sani ba, Gazali ma bai sani ba, kada ka bar kowa ya ce maka ya sani. Wanda ya haƙa ramin kuwa maƙwabcinmu ne, an gargaɗe shi bai ji ba, kuma faɗin haka ba jayayya da Allah ba ce, hukuncin Allah ne kake faɗa. In ka yi sujada roƙi haƙuri, roƙi a haɗa ka da shi, ka kuma roƙi ƙarfin tsayawa kada ɗan wani ya bi bayansa."

Washegari na fita da almajiraina da kwanduna muka fara cike ramin. Da rana ta ɗaga sai ga jakuna da mangaloli cike da ƙasa, mai ramin ya aiko, shi bai zo ba. Zancen diyya haƙƙin uban yaro da uwarsa ne, ba nawa ba. Ɗana ya ce ba ya son ko anini, zai yafe ranar da mutumin ya buɗe baki ya ce na yi kuskure. Har ranar da nake wannan rubutu bai faɗa ba, muna gaisawa a masallaci, kuma ina roƙa masa Allah Ya sauƙaƙe masa faɗa tun yana da numfashi, domin can ba a biya da mangalar ƙasa.

Ina yi wa 'yan'uwana malamai wasiyya, da ni kaina tun farko. In an kira ku zaman makoki ku duba wa ke zaune a gabanku kafin ku buɗe littafi. Ku faɗa wa mai hawaye ƙaddara, ku faɗa wa mai hannu a ciki lamuni da tuba, ko da a keɓe ne don rufin asiri. Kada ku musanya, ku ba kowane maganin ɗan'uwansa.

Abin da na dace a ciki daga Allah ne, abin da na kuskure daga gare ni ne, kuma ina neman gafararSa in na yi rashin ladabi ga Hujjatul Islami, wanda da littafinsa na warke daga abin da aka yi da littafinsa. Wanda ya ga kuskure ya gyara a gefen takarda. Wanda ya kwafa kada ya bar fasali na huɗu da na biyar don gudun tsawo, ya kuma sa marubuci da iyayensa da malamansa da yaron nan cikin addu'a. Allah Ya gafarta wa mai rubutu da mai karatu da mai saurare. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin da babu annabi bayansa, amin.